Yadda Hoto Ke Dawowa Gida Daga Sararin Samaniya

Mai ɗaukar hoto a doron ƙasa yana tsaye ne kusa da abin da yake ɗauka, kyamararsa na hannunsa, kuma idonsa da idon kyamarar haske ɗaya suke gani, saboda haka da wuya ya tsaya yin tunani a kan yadda hoton zai iso gare shi ko kuma ko launin da ya fito shi ne launin abin. Hoton sararin samaniya bai samu wannan sauƙi ba, domin akwai matsaloli biyu da ke biye da shi tun daga ranar farko har zuwa yau: ta farko ita ce hanyar da hoton zai bi ya dawo hannun waɗanda suka aika kyamarar, ta biyu kuma ita ce yadda za a mayar da hasken da ya yi rauni ƙwarai, ko wanda idon ɗan'adam ba ya iya gani sam, zuwa siffar da ido zai iya karantawa. Abin da wannan lacca ke son tabbatarwa shi ne cewa irin wannan hoto awo ne tun kafin ya zama abin kallo, kuma wanda ya san yadda aka yi awon ya fi kowa sanin abin da hoton ke faɗa da abin da bai faɗa ba.

Hotunan farko da aka ɗauko daga sama da kilomita 100, wato tsayin da aka saba ɗauka a matsayin iyaka tsakanin iskar duniya da sararin samaniya, an same su ne a ranar 24 ga Oktoba 1946 a filin gwaji na White Sands da ke jihar New Mexico ta Amurka, inda aka ɗora kyamarar silima mai fim na milimita 35 a kan roka samfurin V-2, ɗaya daga cikin makaman da Amurka ta kwaso daga Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Rokar ta kai tsayin kilomita 105, kyamarar tana ɗaukar hoto ɗaya a kowace daƙiƙa ɗaya da rabi, sannan ta faɗo ƙasa ta tarwatse, amma fim ɗin ya tsira domin an rufe shi a cikin gwangwanin ƙarfe mai kauri. Hanyar dawowa a wancan lokaci ke nan: a bar komai ya faɗo, a bi hamada a tsinto abin da ya rage. Taurarin ɗan'adam na leƙen asiri da Amurka ta yi wa laƙabi da Corona sun gyara wannan dabara, inda suke sako fim a cikin wani ƙaramin ƙunshi mai lema, jirgin sama kuma ya cafke shi a iska kafin ya taɓa ruwan teku, abin da aka fara yin nasararsa a watan Agusta 1960.

Wannan dabara ba ta da amfani ga kumbon da ba zai dawo ba, kuma a nan ne Tarayyar Sobiyet ta yi abin da ya cancanci a tsaya a kansa. Wata yana juyawa a kan kansa sau ɗaya a daidai tsawon lokacin da yake kewaya duniya sau ɗaya, kimanin kwana 27, wanda ya sa fuska ɗaya kawai yake nuna wa mutanen duniya, bayansa kuwa babu mahalukin da ya taɓa gani. A ranar 7 ga Oktoba 1959 kumbon Luna 3 ya zagaya ta bayan watan, daga nisan da ya haura kilomita 60,000, ya ɗauki hotuna 29 a kan fim. A cikin kumbon akwai ɗan ƙaramin ɗakin wanke hoto mai aiki da kansa, wanda ya wanke fim ɗin, ya busar da shi, sannan wani siririn haske ya bi kowane hoto layi bayan layi, yana mayar da duhu da haskensa zuwa siginar rediyo da aka kama a ƙasa. Hotuna 17 ne suka iso a yanayin da za a iya amfani da su, duk sun yi dishi-dishi, cike da zane-zanen hayaniyar rediyo, amma duk da haka sun nuna abin da ba a zata ba: bayan wata kusan babu manyan filayen nan masu duhu da suka cika fuskarsa, waɗanda masanan farko suka kira tekuna alhali daskararren narkakken dutse ne. Hoto mara kyan gani ya kawo tambayar da masana suka shafe shekaru da dama suna neman amsarta, wato dalilin da ya sa ɓawon wata ya fi kauri a bayansa.

Da mutane suka fara hawa kumbo, fim ya samu ɗan rakiya da zai dawo da shi a hannu. Gherman Titov na Sobiyet ya ɗauki duniya da kyamarar silima a watan Agusta 1961, sannan John Glenn, Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, ya tashi a ranar 20 ga Fabrairu 1962 da wata ƙaramar kyamara da aka sayo a kanti a Florida, domin a lokacin hukumar NASA ba ta ɗauki hoto a matsayin wani muhimmin ɓangare na tafiyar ba. Tafiyar ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye, saboda ɗaya daga cikin tashoshin da aka kafa a sassan duniya domin bin sawun kumbon da magana da matuƙinsa tana Kano ne, kuma da Glenn ya iso saman yankin ya shaida wa ma'aikatan tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, su kuma suka amsa masa cewa an yi mako guda ana iska mai ƙarfi. Duk wanda ya san watan Fabrairu a Kano ya san cewa hazon hunturu ne mutumin ya gani daga sama.

Daga watan Oktoba na 1962, lokacin da ɗan sama jannati Walter Schirra ya tafi da kyamarar Hasselblad ƙirar Suwidin, ita ce ta zama kyamarar 'yan sama jannatin Amurka, kuma da ita aka ɗauki hotuna biyun da suka fi kowanne yaɗuwa. Na farko William Anders ne ya ɗauke shi a ranar 24 ga Disamba 1968, lokacin da kumbon Apollo 8 ke kewaya wata, duniya kuma ta ɓullo daga bayan gefen watan, rabinta a haske rabinta a duhu. Na biyu ma'aikatan Apollo 17 ne suka ɗauke shi a ranar 7 ga Disamba 1972 daga nisan kimanin kilomita 29,000, rana tana bayansu, shi ya sa duniya ta fito cikakkiya, nahiyar Afirka a tsakiya, Sahara da yankin Larabawa a fili babu gajimare, ƙanƙarar kudancin duniya kuma tana fari fat. Akwai abin lura a nan da ba kasafai ake ambata ba, wato dukkan hotunan biyu juya su aka yi kafin a buga. Anders ya ga gefen wata ne a tsaye, duniya tana leƙowa ta gefe, amma aka kwantar da hoton domin ya yi kama da fitowar rana. A hoton 1972 kuwa kudu ce a sama, aka kifar da shi domin ya dace da taswirar da aka saba gani a aji. A sararin samaniya babu sama babu ƙasa, don haka juyin bai ƙara ƙarya ko ɗaya a hoton ba, sai dai ya nuna cewa hannun mai bugawa yana cikin aikin tun daga farko.

Hotunan da aka ɗauka a kan wata daga 1969 zuwa 1972 sun jawo tambayar da har yanzu masu shakka ke maimaitawa, cewa me ya sa sama ta yi baƙi ƙirin amma babu tauraro ko ɗaya. Amsar tana cikin yadda kyamara ke aiki. Kowace kyamara tana buɗe idonta na wani ɗan lokaci domin haske ya shiga, kuma idan abin da ake ɗauka yana da haske sosai dole a taƙaita wannan lokaci, in ba haka ba hoton ya ƙone ya zama fari. 'Yan sama jannatin sun sauka ne da rana, ƙasar wata da fararen tufafinsu suna ƙyalli, don haka idon kyamarar yakan buɗe na kimanin kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa, lokacin da bai isa raunanan hasken taurari ya bar alama a fim ba. Sama kuwa ta yi baƙi ne saboda wata ba shi da iskar da za ta watsa hasken rana kamar yadda iskar duniya ke yi. Wanda ya ɗauki hoton mutum a ƙarƙashin fitilar titi da dare zai tarar da abu ɗaya, mutumin ya fito, taurarin da ke bayansa ba su fito ba. Ƙananan alamomin giciye da ake gani a warwatse a hotunan kuwa an zana su ne a kan wani farantin gilashi da ke gaban fim ɗin, domin a iya auna nisa da girman abubuwa daga hoton, a kuma gane idan fim ɗin ya lanƙwashe wajen wanki. Da 'yan sama jannatin za su taso, sai suka zare akwatunan fim suka bar jikin kyamarorin saboda rage nauyi, kuma guda 12 suna can har yanzu.

Sauyin da ya fi kowanne girma ya riga Apollo zuwa, ko da yake bai yi suna kamarsa ba. A tsakiyar watan Yuli 1965 kumbon Mariner 4 ya wuce ta kusa da duniyar Mars ya ɗauki hotuna 21 da ɗan guntun na 22, kuma babu fim a cikinsa. Kyamarar talabijin ce ta raba kowane hoto zuwa layuka 200, kowane layi ɗigo 200, sannan ta ba kowane ɗigo lamba daga 0 zuwa 63 gwargwadon haskensa, aka adana lambobin a faifan maganaɗisu, aka riƙa aiko su a hankali, ta yadda hoto ɗaya yakan ci sama da sa'a takwas kafin ya kammala isowa. Injiniyoyin cibiyar JPL da ke California, da suka gaji da jiran kwamfuta, sun buga lambobin hoton farko a kan siraran takardu, suka jera su a bango, suka sayo allin zane mai launi suka riƙa shafa wa kowane rukunin lambobi launinsa da hannu. Wannan zane, wanda har yanzu ana ajiye da shi a cibiyar, ya bayyana asalin lamarin fiye da kowane dogon bayani: abin da ke tahowa daga kumbo jerin lambobi ne, hoton kuwa a ƙasa ake haɗa shi. Abin da lambobin suka nuna shi ne busasshiyar ƙasa mai ramuka irin na wata, ba magudanan ruwan da masanin taurari Percival Lowell ya yi ta zanawa a ƙarshen ƙarni na 19 yana danganta su ga wasu halittu masu hankali ba.

Da hoto ya zama lamba, nisa ya daina zama shamaki, sai dai ya zama jinkiri. A ranar 14 ga Fabrairu 1990 kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977, ya juya kyamararsa baya bisa roƙon da masanin taurari Carl Sagan ya daɗe yana yi, ya ɗauki duniya daga nisan kimanin kilomita biliyan 6, inda ta fito ba ta cika ko ɗigo ɗaya na hoton ba, siginar kuma ta yi tafiyar kusan sa'a biyar da rabi da gudun haske kafin ta iso. Zirin hasken da ɗigon ke ciki, wanda mutane da yawa ke ɗauka wani abu ne a sarari, hasken rana ne da ya watsu a cikin gilasan kyamarar. Mayar da hoto lamba ya kuma ba da damar kwatanta wuri ɗaya a shekaru daban-daban, wanda shi ne aikin jerin taurarin Landsat tun daga 1972. Tafkin Chadi yana cikin misalan da aka fi kafa hujja da su, domin idan aka jera hoton leƙen asiri na 1963, wanda aka saki ga jama'a a 1995, da hotunan Landsat na bayansa, ana ganin ruwan da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 ya janye zuwa ƙasa da 2,000 a shekarun farin 1980, kafin ya ɗan farfaɗo. Nijeriya ma ta shiga wannan fage a watan Satumba 2003 da tauraron NigeriaSat-1, wanda aka ƙera a Ingila aka harba daga Plesetsk ta Rasha.

Matsala ta biyu, wato ta launi, ta fi ta farko jawo gardama. Yawancin kyamarorin kimiyya ba su san launi ba, yawan haske kawai suke ƙirgawa, don haka idan ana son hoto mai launi sai a ɗauki abu ɗaya sau uku ko fiye, kowane karo ta bayan wani gilashi mai tace haske wanda ke barin launi ɗaya kaɗai ya wuce, sannan a haɗa su a ƙasa. Haɗin yana buƙatar ma'auni, kuma kuskure na iya shiga, kamar yadda ya faru a watan Yuli 1976 lokacin da aka fitar da hoton launi na farko da Viking 1 ya aiko daga doron Mars da sama mai shuɗi-shuɗi irin ta duniya, sai da aka sake auna launukan aka gane cewa samar Mars ja-ja ce saboda ƙurar da ke cikinta. Wannan ne ya sa motocin binciken da ake saukewa a Mars suke ɗauke da wani ɗan faranti mai launukan da aka riga aka auna a duniya, kyamara tana duba shi domin daidaita sauran.

Madubin hangen nesa na Hubble, wanda aka harba a ranar 24 ga Afrilu 1990, ya fara aiki ne da aibi, domin an goge gefen babban madubinsa mai faɗin mita 2.4 fiye da kima da kimanin kashi ɗaya cikin 50 na kaurin gashin kai, abin da ya isa ya sa hotunansa su yi hazo har sai da 'yan sama jannati suka je suka saka masa gilasan gyara a watan Disamba 1993. Shahararren hotonsa na 1995, mai nuna ginshiƙan gas da ƙura inda sababbin taurari ke haihuwa, an haɗa shi ne daga hasken sinadarai uku, aka ba na farar wuta ja, na haidurojin kore, na iskar oksijin shuɗi, alhali a ido hasken farar wuta da na haidurojin duk ja ne, ba a iya bambanta su. Launin a nan taswira ce ta inda kowane sinadari yake, kuma wanda ya kira shi ƙarya bai fahimci abin da aka nufa da shi ba, haka nan wanda ya ɗauka cewa abin da matafiyi zai gani ke nan ta tagar kumbo shi ma ya yi kuskure. A watan Disamba na 1995 shugaban cibiyar da ke kula da madubin, Robert Williams, ya yi amfani da lokacin da ofishinsa ya ba shi ya kafa Hubble kwana goma a kan wani ɗan gurbi na sama da ake gani kamar babu komai a cikinsa, aka tara ɗauka 342 aka haɗa, sai ga kimanin gungun taurari 3,000, kowane gungu kuwa yana iya ƙunsar biliyoyin taurari. Tara haske na tsawon kwanaki abu ne da ido ba ya iyawa, domin ido yana zubar da abin da ya gani cikin ƙiftawa, kyamara kuwa tana tarawa kamar randa a ƙarƙashin indararo.

Madubin James Webb, wanda aka harba daga Kourou a ranar 25 ga Disamba 2021 kuma yake aiki a nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, ya kai lamarin matuƙa, domin yawancin hasken da yake kamawa yana bayan ja ne, wato igiyoyinsa sun fi na jan launi tsawo, ido kuma ba ya ganinsu. An zaɓi wannan haske ne saboda sararin samaniya yana faɗaɗa, kuma hasken da ya taso daga gungun taurari masu nisan gaske yana miƙewa a hanya har ya fice daga iyakar gani. Masu haɗa hotunansa suna bin ƙa'ida ɗaya, igiya mafi tsawo a ba ta ja, mafi gajarta a ba ta shuɗi, na tsakiya kuma a jera su bisa tsari, aikin da ya yi kama da juya rubutun ajami zuwa boko domin wanda bai iya karanta na farkon ba: haruffan sun sauya, maganar tana nan yadda take.

Hoton baƙin rami na farko, wanda aka bayyana a ranar 10 ga Afrilu 2019, ya haɗa matsalolin biyu wuri ɗaya. Baƙin rami wuri ne da nauyi ya taru har ƙarfin jansa ya hana ko haske fita, saboda haka abin da ake iya ɗauka shi ne inuwarsa a tsakiyar zoben gas mai zafi da ke kewaye da shi. Wanda aka ɗauka yana tsakiyar gungun taurari na M87, a nisan shekarun haske miliyan 55, shekarar haske kuwa ita ce tazarar da haske ke ci a shekara guda, kuma nauyinsa ya kai na rana sau biliyan 6.5. Babu madubi ɗaya da ya isa ya gan shi, don haka a watan Afrilu 2017 aka haɗa na'urorin hangen nesa na rediyo guda takwas, daga Hawaii da Chile da Meziko da Arizona da Sifen har zuwa tsakiyar ƙanƙarar kudancin duniya, waɗanda ke iya hango wurin suka dube shi a lokaci ɗaya, kowace tana rubuta lokacin da agogon atam, ta yadda suka yi aiki kamar madubi ɗaya mai faɗin duniya. Rukuni huɗu na masana suka haɗa hoton, kowane rukuni a keɓe ba tare da ganin aikin sauran ba, domin kada tsammanin wani ya shafi sakamakon wani, kuma duka huɗun suka fito da zobe. Launin ruwan lemo da aka san hoton da shi zaɓi ne kawai na nuna inda siginar ta fi ƙarfi, tunda igiyar rediyo ba ta da launi. Bayanan da aka tara sun kai kimanin gigabait miliyan 5, yawan da ya fi ƙarfin aikawa ta intanet, sai aka loda faya-fayan ajiya a jiragen sama zuwa cibiyoyi biyu, ɗaya a Massachusetts ɗaya a Bonn ta Jamus. Faya-fayan tashar ƙarshen kudu kuwa sai da suka yi watanni a ajiye, saboda jirgi ba ya sauka a can cikin hunturun yankin, ba su iso ba sai a watan Disamba 2017.